VPN ya haɗu amma fayil ya ƙi buɗewa: ga inda matsalar take ɓuya

Uwargida, idan kina cikin matan da ofis ya ba laftof aka ce su riƙa ƙarasa wasu ayyuka daga gida, ko kina hutun haihuwa amma ba a daina kiranki ana neman rahoto ba, to kin san wannan takaicin. Kin lallaɓa yara sun yi barci, kin samu awa ɗaya da babu mai kiran "Umma". Kika kunna VPN ya nuna ya haɗu, kika danna foldar ofis, sai ta tsaya tana ta juyi, daga ƙarshe ta ce ba ta ga hanya ba. Rahoton kuma ƙarfe takwas na safe ake jiran sa.

Ko ba kya aikin ofis, matsalar tana iya shigo miki ta wata ƙofar. Kina son tura hotunan suna daga wayarki zuwa ta ƙanwarki ta Xender, wayoyin suna kusa da juna amma sun ƙi ganin juna. Ko firintar gida ta ɓace daga laftof a daidai daren da yaro yake buƙatar fitar da aikin makaranta. Sau da yawa VPN ne a tsakiyar maganar.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma bayanan marasa lafiya da jadawalin aiki da rahoton wata duk sun koma kwamfuta a wurinmu. Abin da na lura shi ne, neman wannan matsala bai da bambanci da abin da muke yi idan aka kawo mara lafiya. Ba a fara ba da magani. Ana auna zafin jiki da bugun jini, a tambayi inda ke ciwo, sannan a san abin yi. Wadda ta bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya takan gano matsalar da kanta, ko aƙalla ta gaya wa masu kula da kwamfutocin ofis ainihin inda ciwon yake.

Mene ne VPN ɗin ma tukuna?

A tsofaffin unguwanninmu akan fasa 'yar ƙofa a katangar da ke tsakanin gidajen 'yan'uwa, mata su riƙa wucewa daga wannan gida zuwa wancan ba sai sun fita titi an gan su ba. Aikin VPN ke nan. Yana buɗe rufaffiyar hanya daga na'urarki zuwa wani wuri, ya kulle duk abin da ke wucewa ta cikinta yadda na kan titi ba zai iya karantawa ba.

Iri biyu ne ake yawan rikitawa. Akwai na ofis, wanda ƙarshen hanyarsa yake cikin ofishinku, inda babbar kwamfutar ajiye fayiloli take. Akwai kuma wanda ake saukewa daga Play Store ko App Store, wanda ƙarshen hanyarsa yake wurin wani kamfani, galibi a wata ƙasa, daga can ki fita intanet kamar kina zaune a Jamus ko Amurka. Irin wannan na biyun ne ya cika wayoyin 'yan Najeriya lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An ɗage dakatarwar, amma manhajojin sun zauna a wayoyi da yawa, wasu masu wayar ma sun manta da su.

Wannan na biyun ba zai taɓa kai ki foldar ofis ba. Hasali ma idan yana kunne, shi ne zai tare miki hanya.

Tsakaninki da fayil ɗin da kike nema akwai zango huɗu: intanet ɗin gidanki, hanyar VPN, gano kwamfutar ofis, sai izinin shiga foldar. A wannan jerin za ki duba su.

Zangon farko: intanet ɗin gida

Ki kashe VPN ɗin gaba ɗaya, ki buɗe wani shafi da ba ki taɓa buɗewa yau ba. Idan bai buɗe ba, babu ruwan ofis a maganar. Wataƙila data ta ƙare, ko an ɗauke wuta na'urar Wi-Fi ta mutu, ko netwok ɗin unguwar ne ya yi ƙasa.

Idan ya buɗe amma da ƙyar, ki duba su waye ke kan Wi-Fi ɗin. Yaro ɗaya da ke kallon katun a YouTube ya isa ya shanye ƙarfin MiFi. Kallon bidiyo yana jure netwok mai tangal-tangal, domin waya tana tara abin da za ta nuna a gaba. Foldar ofis ba ta da wannan haƙurin. Ita da laftof ɗinki suna ta aika wa juna tambaya da amsa a kan kowane ɗan motsi, saboda haka ɗan jinkiri kaɗan sai ya ninku ya zama jira mai tsawo. Shi ya sa WhatsApp yake iya tafiya lafiya lau a netwok ɗin da foldar ta ƙi buɗewa a kai.

Zango na biyu: shin VPN ɗin ya haɗu da gaske?

Kada ki tsaya ga cewa kin danna maɓalli. Ki buɗe manhajar ki ga ko ta ce an haɗu, kuma ko lokacin da take ƙirgawa yana tafiya. A wayar Android akwai ɗan hoton makulli da ke fitowa a saman allo. Laftof da ya yi barci ya farka yakan nuna kamar komai na nan alhali hanyar ta yanke tun ɗazu. Ki cire haɗin ki sake haɗawa.

Abubuwa uku ne suka fi hana shi haɗuwa a gidajenmu.

Na ɗaya, wani VPN ɗin daban. Wayar Android VPN ɗaya tal take iya riƙewa a lokaci guda, sabon da aka kunna yana ture na baya. A laftof kuma su biyun sukan yi ta rigimar wa zai ja hanya. Idan samarin gidan suna taɓa na'urar, ki leƙa jerin manhajoji. Da yawansu suna sauke irin waɗannan don neman data ta kyauta ko don wasannin intanet.

Na biyu, agogo. Wannan ba a cika kawo shi a rai ba. A ofisoshin da ke amfani da Windows, idan agogon laftof ya saɓa da na babbar kwamfutar ofis da fiye da minti 5, yawanci ba za a karɓi shaidarki ba ko da kalmar sirrinki daidai take. Haka lambobi 6 ɗin nan da wata manhaja take ba ki a waya, masu sauyawa duk daƙiƙa 30, da agogon wayar ake lissafa su. Inda abin yake yaudara shi ne laftof ɗin da aka sayo na hannu daga waje: an gyara masa agogo da hannu yana nuna lokacin Kano daidai, amma a cikinsa yana ɗauka har yanzu a Amurka yake. Ki shiga saitin lokaci ki zaɓi yankin da Najeriya da Nijar suke, wato awa ɗaya gaba da GMT, sannan ki bar na'urar ta riƙa saita agogo da kanta.

Na uku, kuskuren fahimta game da raba data. Idan laftof yana shan data daga wayarki, VPN ɗin da ke kan wayar yawanci ba ya rufe laftof ɗin. Dole a kan laftof ɗin kansa za ki kunna na ofis.

Zango na uku: kwamfutar ofis ba ta fito a jeri ba

A ofis, da kin buɗe sashen netwok sai ki ga sunayen kwamfutoci sun jeru. A gida ta VPN sai ki ga wayam, ki ɗauka an kashe su ne. Ba lallai ba. A cikin ofis kowace kwamfuta tana yin shela ne tana cewa ga ni nan, duk na kusa su ji. Ita wannan shelar galibi ba ta ratsa hanyar VPN, kamar yadda mai shelar unguwarku ba a jin sa a wata unguwa. Kwamfutar tana nan, ke ce za ki je ƙofarta da kanki.

Ki danna maɓallin Windows tare da harafin R, wani ɗan akwati zai fito. Ki rubuta sanduna biyu masu karkata baya, sai sunan kwamfutar, sai sanda ɗaya, sai sunan foldar, misali \\ofis\rahoto. Sunan gaskiya za ki samo daga masu kula da kwamfutocinku, kuma ya kamata tun kina ofis ki rubuta shi ki ajiye.

Idan sunan ya ƙi, saura gwaji ɗaya mai bayyana abubuwa da yawa. Kowace kwamfuta tana da suna tana kuma da lamba, kamar yadda kowa a wayarki yake da suna da lambar waya. Akwai wani tsari da ake kira DNS wanda aikinsa shi ne mayar da suna lamba. Wani lokaci VPN yana haɗuwa amma laftof ya ci gaba da tambayar kamfanin layinki, wanda bai taɓa jin sunan kwamfutar ofishinku ba. Ki maye gurbin sunan da lambar, misali \\10.0.0.5\rahoto. Idan lamba ta buɗe alhali suna ya ƙi, kin gano ciwon: littafin sunaye ne ya ɓata. Ki ci gaba da aiki da lambar a daren, da safe ki faɗa musu su gyara.

Idan kuma Windows ta nuna miki 0x80070035, ma'anarta kawai ba ta ga hanyar zuwa wurin ba. Ki ɗauki hotonta, za ta yi amfani.

Gida biyu, lamba ɗaya

Wannan ita ce matsalar da ta fi ɗaure kai, domin komai yana nuna lafiya. Intanet na aiki, VPN ya haɗu, kalmar sirri daidai, amma ko da lamba foldar ba ta buɗewa. Abokiyar aikinki kuma daga nata gidan tana shiga ba wata wahala.

Dalilin shi ne akwai wasu rukunin lambobi da aka ware don amfanin cikin gida, kowa yana da damar ɗauka: masu farawa da 10, masu farawa da 192.168, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31. Na'urorin Wi-Fi na gida sun fi son 192.168.0 da 192.168.1, MiFi na Huawei da yawa kuma 192.168.8 suke ɗauka. Ƙananan ofisoshi da asibitoci masu zaman kansu su ma sau da yawa irin waɗannan na'urorin suke saya su bar su yadda suka zo. Idan gidanki da ofis suka dace a rukuni ɗaya, laftof zai duba lambar kwamfutar ofis ya ce ai wannan ta cikin gidan nan ce, ya yi ta neman ta a falonki, bai ma shiga hanyar VPN ba. Kamar ki aiki yaro gida mai lamba 12 a wata unguwa, shi kuma ya tsaya a lamba 12 ta layinku yana sallama.

Gwajin ba wuya. Ki sauka daga Wi-Fi ɗin gida, ki raba data daga wayarki zuwa laftof, ki sake haɗa VPN. Waya yawanci wasu lambobi daban take bayarwa. Idan foldar ta buɗe nan take, to karon lamba ne. Maganin dindindin shi ne a sauya rukunin lambobin na'urar gidanki zuwa wanda ba a cika amfani da shi ba, misali 192.168.57. Aikin minti kaɗan ne ga wanda ya iya. Ki sani dai bayan an sauya, firinta ko kyamarar tsaro da aka ba lamba da hannu za su buƙaci a sake saita su.

Ƙofar da aka toshe da gangan

Fayilolin Windows suna bi ta wani tsari mai suna SMB, kuma ƙofar da yake amfani da ita lambarta 445. Kamfanonin intanet da yawa a duniya suna toshe wannan ƙofa, ofisoshi kuma ba sa buɗe ta sai ga wanda ya shigo ta VPN. Shi ya sa foldar ba ta buɗewa idan VPN na kashe.

Akwai tarihin da ya sa ake tsaurara mata. Ranar 12 ga Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150 ta hanyar wani rauni a tsohon samfurin SMB. Tana kulle fayilolin mutane ta nemi kuɗin fansa. A Ingila ta taɓa kusan kashi ɗaya bisa uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka juya motocin ɗaukar marasa lafiya daga wasu asibitocin, aka kuma ƙiyasta cewa an soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. Mu masu aikin asibiti mun san abin da ake nufi a ce wa mai jiran tiyata ya koma gida.

Tun daga ƙarshen 2017 kamfanin Microsoft ya fara daina saka wannan tsohon samfurin, SMB1, a sababbin Windows. Sabuntawar Windows 11 ta 2024 kuma ta ƙara tsauri a kan shiga folda ba tare da suna da kalmar sirri ba. Saboda haka idan ofishinku yana da tsohuwar na'urar ajiye fayil, sabon laftof yana iya ƙin yi mata magana.

A nan ne bidiyoyin intanet suke ɓatar da mutane. Za ki ga ana cewa ki dawo da SMB1, ko ki kashe katangar tsaron Windows gaba ɗaya, kuma wataƙila foldar ta buɗe. Amma kin cire ƙyauren gida ne don makulli ya ƙi juyawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan gyaran na masu kula da kwamfutocin ofis ne, su za su sabunta tsohuwar na'urar.

Zango na huɗu: kin iso ƙofa an hana ki shiga

Idan akwatin neman suna da kalmar sirri ya fito, ko aka ce ba ki da izini, ki yi hamdala, domin hanya ta kai ki har bakin ƙofa. Saura shaida.

Abin da ya fi faruwa shi ne kin sauya kalmar sirri a ofis, amma laftof yana riƙe da tsohuwar yana ta miƙa ta a ɓoye. A Windows akwai ma'ajiyar kalmomin sirri, ki rubuta "Credential Manager" a wurin bincike za ta fito. Ki nemi layin da ke ɗauke da sunan kwamfutar ofis ki goge shi, sannan ki sake shiga da sabuwar. Wasu ofisoshin kuma suna so a rubuta sunan ma'aikata kafin naki, da sanda a tsakani, kamar ofis\sunanki.

Kada ki yi ta gwada kalmomi daban-daban. Bayan 'yan kurakurai a jere ofisoshi da yawa suna kulle asusun, wani ya buɗe da kansa bayan wani lokaci, wani sai an buɗe miki. Sauri ya haifi nawa. Idan sau biyu ta ƙi, ki dakata.

Ga masu dawowa daga hutun haihuwa, akwai wani abu. A wasu wuraren kalmar sirri tana da wa'adi, kuma tana iya ƙarewa kina gida. Wani lokacin ma akan dakatar da asusun da aka daɗe ba a taɓa ba. Kafin ki tafi hutu ki tambayi yadda tsarinku yake da wanda za ki kira.

Idan kuma kina da foldar da aka liƙa miki a laftof da harafi irin Z: kika ga jan kuros a kanta, sau da yawa babu abin da ya lalace. Laftof ya neme ta ne lokacin da ya tashi, kafin ki kunna VPN. Ki haɗa VPN tukuna, sannan ki danna ta.

Ƙananan fayiloli suna buɗewa, manya suna maƙalewa

Bayanai ba sa tafiya a dunƙule, ana yayyanka su ne ƙunshi-ƙunshi. Girman ƙunshi da aka saba shi ne bayit 1500. VPN yana naɗe kowane ƙunshi da nasa mayafin, sai ya ƙara masa girma, wani lokaci ya fi ƙarfin hanyar, musamman a kan layin waya. Alamarsa ita ce jerin fayiloli ya fito, 'yar takarda ta buɗe, amma babban fayil na Excel ko PDF ya tsaya a rabi. Masana suna kiran wannan ma'auni MTU. Idan kika faɗa wa mai gyara cewa ƙanana suna wucewa manya suna tsayawa, kin rage masa rabin aiki.

Kafin a gyara, idan dokar ofishinku ta yarda, ki kwafo fayil ɗin zuwa laftof ɗin aiki, ki yi aikinki a nan, ki mayar idan kin gama. Hakan ya fi aminci da buɗe shi kai tsaye a kan netwok mai yankewa, inda wuta ko layi zai iya ɗaukewa kina tsaka da ajiyewa. Ki dai sanar da abokan aiki cewa yana hannunki, kada wata ta yi gyara a kan na ofis ki zo ki rufe nata da naki.

Idan hanyar ta yanke fayil yana buɗe, kina iya dawowa a ce wani yana amfani da shi, kuma sunan da za a nuna naki ne. Babbar kwamfutar ce ba ta san kin fita ba. Ki ba ta ɗan lokaci, in bai saki ba ki nemi a rufe miki shi daga can.

Xender, firinta da talabijin

Matsalar cikin gida kishiyar ta ofis ce. Xender da ire-irensa ba intanet suke bi ba, ƙaramar hanyar Wi-Fi suke buɗewa tsakanin waya da waya. Firinta mara waya da tura bidiyo zuwa talabijin su ma a cikin gida suke yawo. VPN kuma yana kwashe duk abin da ya fito daga na'urar ya tura shi cikin rufaffiyar hanyarsa zuwa nesa. Sai saƙon da ya kamata ya tsallaka tabarma ya kama hanyar Turai.

Ki kashe VPN a wayoyin biyu, ki tura abin da za ki tura. Idan kin kashe ya sake kunna kansa, ki shiga saitin waya, sashen netwok, ki nemi VPN. A Android akwai zaɓin da ke sa ya zauna a kunne kullum, da wani da ke hana duk wata hulɗa idan ba ta cikinsa ba. Idan na biyun yana kunne, wayar tana iya ƙin shiga intanet ma baki ɗaya duk da kina da data. Manhajojin VPN masu kyau suna da maɓallin barin na'urorin cikin gida su wuce, galibi za ki ga haruffan LAN a jikinsa.

Na ofis kuwa wani lokaci da gangan aka hana wannan, kuma ba ki da ikon sauyawa. Wayar USB daga laftof zuwa firinta takan warware matsalar, idan an yarda ki fitar da takardun aiki a gida. Ki kuma tuna cewa a irin wannan tsarin duk shafin da aka buɗe a laftof ɗin ta ofis yake bi. Ba na'urar da za a ba yara su yi kallo ba ce.

Manhajojin banki da yawa su ma suna ƙin buɗewa idan suka ga kamar daga wata ƙasa ake shigowa. Kafin ki zargi bankin, ki duba ko makullin nan yana saman allo.

Na kyauta fa?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk abin da kike yi a waya ta hannun mai VPN ɗin yake wucewa, don haka tambayar ita ce wane ne shi, kuma da me yake biyan ma'aikatansa. A 2016 masu bincike daga hukumar kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, tare da wasu jami'o'i sun duba manhajojin VPN guda 283 na Android. Sun samu alamun muguwar manhaja a kashi 38 cikin ɗari, kashi 18 kuma ba sa ma kulle bayanan da suka yi alƙawarin kullewa. Wayar da kike shiga banki da ita, wadda hotunan 'ya'yanki suke ciki, ba wurin gwaji ba ce. Duk VPN ɗin da ba ki san wanda ya saka shi ba kuma ba ki san amfaninsa ba, ki cire.

Gajeriyar hanyar da ke da tsada

Duk abin da na lissafa a sama ɓata lokaci ne kawai. Haɗarin gaske yana zuwa ne lokacin da aka gaji. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, foldar ta ƙi, sai a kira abokiyar aiki da ke ofis a ce, "Don Allah ɗauki hotonsa ki turo min ta WhatsApp."

Ki tsaya ki tuna me ke cikin fayil ɗin. A wurinmu sakamakon gwajin jini ne, da sunan matar da ke shan maganin ƙanjamau mijinta kaɗai ya sani, da yarinyar da aka yi wa awon ciki. A wurinki wataƙila albashin ma'aikata ne, ko sakamakon ɗalibai, ko sunaye da lambobin zawarawan da wata ƙungiya take tallafa wa. Da zarar hoton ya shiga waya, ya zauna a cikin hotunan biki da na suna. Yara suna ɗaukar wayar. Wataƙila ta ɗora shi a ma'ajiyar Google da kanta. Yatsa yana iya zamewa ya tura shi zauren dangi. Ga kuma masu ƙwacen waya da ba su bar kowa ba. Maganar da ta fita ba ta dawowa, kuma wadda sirrinta ya tonu a unguwa babu haƙurin da zai mayar mata da mutuncinta.

Doka ma ta yi magana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanan mara lafiya sirri ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta saka bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, ta kuma kafa hukumar da ke bin kadin waɗanda aka yi sakaci da bayanansu. Rahoton da ya makara da awa biyu ana yin faɗa a wuce. Fayil ɗin da ya fita ta wayarki yana iya tafiya da aikinki.

Idan dare ya yi kuma abin ya ƙi, ki tura wa shugabarki gajeren saƙo cewa hanyar ofis ta ƙi buɗewa, kin sanar da masu gyara, za ki miƙa da safe. Idan akwai wata hanyar da ofis ya amince da ita, kamar imel ɗin aiki ko ma'ajiyar intanet ta ofis, ki bi ta nan.

Abin da za ki faɗa wa mai gyara

Mara lafiyar da ya ce "jikina ne duk ba daɗi" ya fi wuyar taimako a kan wanda ya ce "nan ne, tun jiya, idan na ci abinci yake tashi". Maimakon "ba ya yi", ki tura masa waɗannan:

Intanet yana aiki idan VPN na kashe?
VPN ya ce ya haɗu?
Kin gwada da suna, kin gwada da lamba, wanne ya yi?
Kin gwada da datar waya maimakon Wi-Fi ɗin gida?
Duk fayiloli ne ko manya kawai?
Yaushe ya yi aiki na ƙarshe, kuma me ya sauya tun daga lokacin: sabuwar kalmar sirri, sabon MiFi, ko sabuntawar Windows?

Ki haɗa da hoton saƙon da ya fito, amma ki tabbatar babu sunan wani ko bayanansa a cikin hoton. Kalmar sirrinki kuma ba a ba kowa, har shi mai gyaran. Na gaskiya ba ya buƙatar ta, duk wanda ya kira ya ce daga ofis yake ki karanto masa ita ko lambobin nan 6, ki kashe wayar ki kira lambar da kika sani.

Gobe idan kin shiga ofis, kafin aiki ya rincaɓe, ki karɓi abubuwa uku ki rubuta a littafinki: cikakken sunan kwamfutar da foldarku take, lambarta, da lambar wayar wanda ake kira idan ta ƙi. Sannan ki gwada shiga daga gida a ranar da ba kya cikin matsi, da rana, lokacin da akwai wanda zai ɗaga waya.

Wadda ta ci karo da wata alamar da ban ambata ba, ta rubuto ta a ƙasa tare da irin na'urar da take amfani da ita, ba tare da sunan ma'aikata ko lambobin ofis ba. Allah Ya sa albarka a neman da muke yi, Ya raya mana zuri'a.